Muryar Malam Ramalan

Da Malam Sallau ya ɗaga murfin bidiyon, ƙauri ne ya fara yi masa sallama. Ya sa yatsu biyu ya zaro fis ɗin, ya ɗaga shi a hasken ƙofa. An naɗe shi tsaf da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, naɗi na mai haƙuri, har da murɗe baki.

"Wane gwani ne ya yi wannan aiki?"

Ishiyaku, wanda ya ɗauko na'urar a bayan babur ɗinsa, ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai taimako ya yi. Hansatu, matar wansa marigayi, ita ta sa kaset ranar Asabar da wutar janaretan maƙwabta. Hoto ya fara fitowa ke nan sai komai ya ɗauke. Da ya buɗe ya ga fis ya tsinke, sai ya yi masa abin da ya saba yi wa na babur. Suna sake jonawa suka ji tau, hayaƙi ya tashi.

Malam Sallau ya ajiye fis ɗin a kan tebur. Shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar Rano, kuma rabin tuwonsa daga hannun irin su Ishiyaku yake fitowa. Shi fis mai gadi ne, aikinsa ya tsinke don na ciki su tsira. In aka ɗaure shi ya ƙi tsinkewa, sai wutar ta shige ciki ta zaɓi wanda take so. Ya leƙa cikin na'urar. Kaset ɗin yana nan a maƙale, zarensa a waje, ya zagaye gangar da ke karanta hoto.

Hansatu tana zaune a gefen benci, ta haɗa hannuwa a cikin hijabi. Ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, amma rana ta riga ta ci fuskarta. Ya tambaye ta yaushe ake son aikin.

"Yau, Malam. Ƙarfe biyu, a kotun Kibiya."

Ya dubi agogon bango. Goma da rabi ta wuce. Ya ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce ta sani. Kwana huɗu ke nan suna yawo da na'urar. Mai gyara na farko ya ce shi yanzu faifan CD ya sani, wannan kayan tarihi ne. Na biyu ya ɗauko sukudireba zai ɓanɓaro kaset ɗin da ƙarfi, ta fizge abinta ta fito. Jiya da yamma ne wani ya ce musu in dai tsohon ƙarfe ne, su nemi Sallau na Rano.

Sannan ta faɗi abin da ke ciki, a taƙaice, irin na wadda ta gaji da maimaitawa. Mahaifinta, Malam Ramalan, ya ba ta gonar fadama kyauta ranar da za a kai ta ɗakin miji, shekara goma sha uku da suka wuce. A zaurensa ya faɗa, ta durƙusa a gabansa, mai ɗaukar hoton biki yana tsaye. Bara ya rasu. Yanzu wanta Shitu, wanda suke uba ɗaya, ya ce aro ne aka ba ta, gona ta koma cikin gado a raba goma sha ɗaya, kuma har ya samo mai saye. Dattawa biyun da suka shaida kyautar duk sun riga mu gidan gaskiya. Sau uku alƙali yana ɗaga zama don ta kawo hujja, ya kuma ce na yau ne na ƙarshe. In ba ta kawo ba, Shitu zai rantse, magana ta ƙare.

"Albasar gonar nan ce ke ciyar da marayu huɗu," ta ce. "Muryar Baba tana cikin kaset ɗin. Na ji ta da kunnena."

Malam Sallau ya dubi zaren. Ya tsufa, ya yi laushi, jan farce ɗaya zai iya yaga shi. Kuma ko da an ciro kaset ɗin lafiya, da me za a kalla? Bidiyo mai rai ta yi wuya a Rano, balle a Kibiya. Shi kansa tasa ta ƙarshe ya daɗe da yanka ta ya cire kayan ciki. Hanya ɗaya ce: a tashi wannan, ta haɗiye zarenta da kanta, ta tofo kaset ɗin, sannan ta nuna shi. Ya ce da Ishiyaku ya matsa daga hasken ƙofa, kuma don Allah ya zuba hannuwansa a aljihu.

Ya kwance kusoshi huɗu ya zaro akwatin wutar, wani ɗan keji na gwangwani da bai fi tafin hannu biyu ba. Ba ya ƙaunar irin wannan. Kayan da ya koyi sana'a a kansu babbar taransifoma gare su, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda sai ta ga jikokin mai ita. Wannan kuwa dabara ce ta masu son abu ya yi sauƙin ɗauka. Tana karɓar wutar gida ta tara a cikin babbar kwandensa, sai wani tiransisto ya riƙa yanka ta gutsi-gutsi, sau dubbai kafin ƙiftawar ido, yana miƙa wa 'yar ƙaramar taransifoma. In tana lafiya ba ka jin ko tarinta. In ta tashi mutuwa kuwa, ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja maƙwabta.

Kafin ya taɓa komai, ya ɗauko ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya dangwala a ƙafafun babbar kwandensar. Ko kwana nawa na'ura ta yi a kashe, ba ya yarda da wannan kwandensa, don ta taɓa jefar da shi daga kan kujera yana saurayi. Ƙwan bai ko motsa ba. Ya jawo mita ya fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Tiransiston ya ƙone, allurar mita tana tafiya har ƙarshe ta kowace ƙafa. Biyu cikin dayod huɗun da ke tace wuta a bakin shigarta sun bi shi. Ƙananan kwandensoshi uku sun kumbura, sun zubar da ruwansu a kan fanel, wato allon da aka liƙe su a kai, da ya kai ƙarfen dalma kusa sai ƙarnin kifi ya tashi. Ya gane cewa janareta ba shi ne farkon mai laifi ba. Tsufa ne ya fara cin na'urar tana ajiye a ƙarƙashin gado, janareta ya tura ta, takardar sigari ta ƙarasa. Bai faɗa wa Ishiyaku haka ba, don yana ganin ɗan zaman zullumi zai yi masa amfani.

Abin da ya tsayar da shi wata 'yar razista ce, mai rage ƙarfin wuta, da ta ƙone ƙurmus, launukan da ake gane ƙarfinta da su duk sun zama gawayi. Babu takardar zane, babu wanda za a tambaya. Ya sa reza ya kankare ta a hankali har ya ga inda ta tsinke, ya auna daga nan zuwa wannan ƙafa, ya auna zuwa waccan, ya haɗa a ka. Lissafi ne na kusa da gaskiya, ba gaskiyar ba.

Sha biyu saura kwata ya durƙusa ƙarƙashin tebur, inda gawarwakin rediyo da talabijin suke jibge. Ya samo dayod da razista a wata rediyo, kwandensoshi a cikin wata na'urar CD da ruwa ya shiga. Tiransiston ne ya ba shi wuya. A ƙarshe ya ciro ɗaya daga wata talabijin da aka kawo daga Rurum shekara biyar da suka wuce, mai ita bai sake waiwayarta ba. Lambarsa ba ɗaya ba ce da ta wanda ya ƙone. Hansatu, da ba ta ɗauke ido daga hannunsa ba, ta tambaya ko irinsa ne.

"Ɗan uwansa ne," ya ce. "Ba shi ba ne."

Ta ce ita dai ta ga abin da ɗan uwa ke yi. Bai ɗago ba, ya ci gaba da liƙi.

Da ya gama, bai sa sabon fis ba. Ya jona ƙwan fitilar nan a gurbinsa. Ya yi wa Ishiyaku bayani, ko Allah zai sa ya riƙe: in ƙwan ya haska ya dushe, an dace. In ya haska ya tsaya da haskensa, akwai sauran ɓarna a ciki, kuma ƙwan ne zai shanye wutar maimakon kayan da aka sa. Ya yi bisimilla ya kunna.

Ƙwan ya haska fau, ya tsaya.

Ya kashe da sauri. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Sha biyu da rabi ta gota. Ya sake bin fanel ɗin da mita tun daga farko, yana jin idon matar a ƙeyarsa. Komai daidai. Ya sake bi. A karo na uku ne ya lura da wani dunƙulen tsohon gam da ya yi baƙi a gindin taransifomar. Ya ɓanɓare shi, sai ga wani ɗan dayod kamar ƙwayar shinkafa a ɓoye, a ƙone. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙarfen dalma ke nan, fankar sama ta fara rage gudu. An ɗauke wuta.

Hansatu ta runtse ido, leɓɓanta suna motsi.

Ishiyaku ne ya yi wuf ya fita, kuma a nan ya wanke rabin laifinsa. Ya je shagon Manu mai aski, ya roƙe shi ya tayar da janareta, ya jawo doguwar waya ta kan kwata har cikin shagon. Malam Sallau ya dubi wayar kamar yadda ake duban maciji. Irin wutar da ta kashe na'urar ce za a sake ba ta. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Suka zauna jiran ƙarfen dalma ya yi zafi, minti biyar da suka fi duk na safiyar tsawo.

Wayar Hansatu ta yi ƙara. Wata ƙanwarta ce daga Kibiya, ta ce Shitu ya riga ya isa bakin kotu, ya sha babbar riga, har da mai sayen gonar a gefensa. Hansatu ta ce to, ta kashe.

Ɗaya da minti goma Malam Sallau ya sake kunnawa. Ƙwan ya haska, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya dushe a hankali har ya koma ɗan ja-ja. Malam Sallau ya jawo mita. Bai yi gaggawar murna ba, don wutar da ta fito fiye da kima ta fi wadda ba ta fito ba ɓarna. Ya auna kowace waya. Wayar da ya kamata ta ba da ƙarfin wuta biyar ta ba da biyar, ta sha biyu ta ba da sha biyu da ɗan ɗigo. Ya taɓa tiransiston da bayan yatsa, ɗumi ne kawai. Sai ya sa fis na gaskiya, ya mayar da kejin mazauninsa, ya jona. Koren agogon da ke goshin bidiyon ya fara ƙiftawa.

Saura fitar da kaset. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya ɗan dakata. In na'urar ta saki zaren ba ta naɗe shi ba, murfin kaset zai datse shi ya tauna, kuma daidai wurin da ake so zai iya zama. Garin neman gira a rasa ido. Ya sa ɗan yatsan hagu a kan faifan da ke juya zaren, ya danna. Ƙarafuna suka yi gurnani, suka ja da baya. Zaren ya saki, ya yi lanƙwasa, bel ɗin robar da ke jan faifan ya zame sau ɗaya. Ya taimaka masa da yatsa. Zaren ya shige ciki sumul, kaset ɗin ya taso ya leƙo waje.

"Alhamdu lillahi," in ji Hansatu.

Malam Sallau ya zaro kaset ɗin don ya duba zaren, sai idonsa ya faɗa kan takardar da ke liƙe a goshinsa. An rubuta da shuɗin biro: Bikin Hansatu, Kibiya. A gefe kuma an yi 'yar tauraruwa da jan biro. Ya san rubutun. Nasa ne.

A shekarun da bidiyo ke tashe, shi kaɗai ne mai na'ura biyu a duk yankin. Masu ɗaukar hoton biki daga Rano, Kibiya har Madachi wurinsa suke kawo ɗanyen kaset ya tace musu. Kuma a lokacin babu amaryar da ke son ta kunna kaset ɗin bikinta ta ji kukan awaki, iska da hayaniyar yara. Abin yayi shi ne a cire sautin gaba ɗaya a ɗora waƙar Indiya tun daga farko har ƙarshe. Ya ƙware a wannan, har alfahari yake yi cewa a kaset ɗin da ya bi ta hannunsa ba a jin ko tarin mutum. In ya gama sai ya yi tauraruwa da jan biro. Ɗanyen kaset kuwa mai kyamara ke karɓar abinsa, ya ɗauki wani bikin a kai Asabar mai zuwa.

Wata zuciyar ta ce masa wataƙila a wannan ya bar maganar tsohon, ai yakan yi haka wani lokaci in an roƙe shi. Ya jona talabijin, ya mayar da kaset ɗin, ya tura shi gaba. Mata suka wuce a guje da kwanuka, 'yan mata da lalle, motar kaya. Hansatu ta ce nan ne. Ya saki.

Zaure ne mai farar ƙasa. Wani dattijo siriri yana zaune a kan buzu, dattawa biyu a gefensa. Yarinya lulluɓe ta shigo ta durƙusa. Dattijon ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Abin da ya fito daga talabijin ɗin muryar wata mace ce siririya, tana rera waƙa cikin harshen da babu wanda ya sani a shagon, ganguna da sarewa suna bin ta.

Hansatu ta matso har gwiwarta ta taɓa tebur.

"Rage kiɗan, Malam. Ƙaro muryarsa."

Ya ce babu murya a ƙarƙashi. Ta ce akwai, ta sha ji, a shekarun farko kusan kullum sai ta kunna. Ya ce ba a rufe muryar ba ne, goge ta aka yi, kuma ko Japan aka kai kaset ɗin babu mai dawo da ita. Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani tun bai gwada ba. Sai ya nuna mata kwalin kaset ɗin da Ishiyaku ya zo da shi, mai irin rubutun da irin tauraruwar.

"Ni na goge ta, Hansatu. Da hannun nan."

Ta dube shi, ta dubi hannun. Ya murɗe sautin gaba ɗaya don ya kasa jure waƙar. Shagon ya yi tsit, sai ƙugin janaretan Manu daga waje. A cikin gilashin tsohon yana ta magana. Sai Hansatu ta fara faɗa a hankali, idonta a kan leɓɓansa. Ki yi haƙuri da mijinki. Ki riƙe salla. Gonar fadama, daga tsamiya zuwa bakin rafi, na ba ki halak malak, ku shaida. Inda ya tsaya ta tsaya. Inda ya juya ga dattawan ta ce ku shaida, su kuma suka gyaɗa kai. Ko harafi ɗaya bai zame ba. Nan Malam Sallau ya gane cewa ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta ji. Ita ce take sa masa muryar duk lokacin da ta kalla, ba ta sani ba.

Ishiyaku ya yi gyaran murya. Ya ce ai abin bai ɓaci duka ba. Tun da Malam ne ya tace kaset ɗin, ya ji maganar kafin ya goge. Ya hau babur su je ya faɗa wa alƙali, dattijo kamarsa wa zai ƙaryata shi? Biyu saura ashirin, in suka tashi yanzu za su iya cim ma zaman.

Hansatu ta juyo gaba ɗaya. Ba ta roƙe shi ba, tambaya kawai ta yi.

"Ka ji, Malam?"

Ya nemi ranar a cikin kansa, ya nema da gaske. Abin da ya samu ɗaruruwan zauruka ne da ɗaruruwan amare a durƙushe, da dattawa masu ɗaga yatsa. Yawanci ma yakan kashe sautin ne tun kafin ya fara, yana aiki yana sauraron labarai a rediyo. Kalma ɗaya ce za ta fisshe ta, kuma ya tabbata kalmar gaskiya za ta dafa wa. Bai taɓa jin kwaɗayin yin ƙarya irin na wannan lokaci ba.

"Na yarda da ke, har ga Allah," ya ce. "Amma ban ji ba. In ma na ji, ban riƙe ba."

Ishiyaku ya yi tsaki ya fita. Malam Sallau ya ce zai rufe shago ya bi su, ya ɗauki bidiyon da talabijin, ya gaya wa alƙali cewa da akwai murya, shi ya goge. Hansatu ta ce Shitu ma bai musa cewa Baba ya yi magana ba. Abin da ya faɗa ake nema.

A waje aka tayar da babur, aka danna ham sau biyu. Ba ta tashi ba. A cikin gilashin an riga an fito da amarya, mata sun rufe ta.

"Mayar da shi baya, Malam," ta ce. "Daga inda na durƙusa. Ka bar shi shiru."

Ya mayar. Na'urar ta yi aikinta lafiya lau, babu gurnani, babu rawar hoto. Malam Ramalan ya gyara zama a kan buzunsa, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki. Wannan karon Hansatu ba ta ce komai ba.